Idon Mujiya: Tarihin Gano Cutar Saitomegalo da Maganinta da Rigakafinta



Gabatarwa

Galibin cututtukan da suka yi suna a tarihi masu zuwa da gangami ne. Agana ta bar zane a fuskokin mutane, sanƙarau yakan zo da zafin bazara ya kwashi rayuka cikin 'yan makonni, shan inna kuwa ga shaidarsa nan muna gani a kan titunanmu. Cutar da za mu yi magana a kanta yau ba ta cikin wannan sahu. Ba ta da suna a Hausa, kuma ko a harsunan Turai ƙwayarta ba ta sami sunan da ake kiranta da shi yanzu ba sai a 1960. Duk da haka, ƙiyasin masana ya nuna cewa fiye da kashi 80 cikin ɗari na mutanen duniya suna ɗauke da ita, a ƙasashen Afirka da yawa ma abin ya haura kashi 90. Watau da za a auna jinin waɗanda ke zaune a wannan zaure, da wuya a sami fiye da mutum ɗaya cikin goma wanda bai taɓa gamuwa da ita ba.

Sunan ƙwayar saitomegalobairas, likitoci kuma sukan taƙaita shi su ce CMV. An ƙera sunan ne daga kalmomi uku. Biyu na Girkanci ne, ɗaya tana nufin ƙwayar halitta, watau ɗan ƙaramin tubalin nan da ido ba ya gani wanda da irinsa aka gina jiki, ɗayar kuma tana nufin babba. Ta uku ta Latin ce, ma'anarta ta asali dafi. In an haɗa su, sai a ce dafin da ke kumbura ƙwayar halitta. Dangin ƙwayar da ke kawo ƙarambau ce, kuma halinsu ɗaya: in sun shiga jiki ba sa fita, sai su kwanta su yi lamo har ƙarshen rayuwar mutum. Tana yaɗuwa ta miyau da fitsari da nono da jini da saduwar aure, tana kuma ratsa mabiyiya ta kai ga ɗan tayi. Mai lafiya in ya kamu, yawanci ba ya ma sani. Ɓarnarta tana kan waɗanda garkuwar jikinsu ba ta da ƙarfi, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Manufar wannan lacca ita ce mu bi sawun wannan ƙwaya tun daga ranar da aka fara ganin alamarta zuwa yau, mu ga yadda aka koyi gano ta da yadda aka sami maganinta da kuma inda aka kwana game da rigakafinta. Abin da nake so in nuna shi ne, a cikin wannan tarihi hankalin likitoci ya fi karkata ga majinyatan da cutarsu ta fito fili, alhali kuwa wanda aka fara ganin cutar a jikinsa, watau jariri, shi ne har yanzu yake jiran rabonsa, musamman a ƙasashe irin namu.

Gani Ba Tare da Sani Ba

A 1881 wani likita Bajamushe mai binciken gawa, Hugo Ribbert, ya duba yankin ƙodar wani jariri da aka haifa ba rai ta madubin likita, sai ya ga wasu ƙwayoyin halitta da suka kumbura fiye da ƙima. A tsakiyar kowacce akwai baƙin dunƙule, kewaye da shi kuma farin da'ira, abin da daga baya likitoci suka yi wa laƙabi da idon mujiya. Ribbert bai gane abin da ya gani ba, bai kuma buga bayaninsa ba sai a 1904, bayan da wasu likitoci biyu a Jamus, Jesionek da Kiolemenoglou, suka ba da rahoton ganin irin waɗannan ƙwayoyi a huhu da ƙoda da hantar wani ɗan tayi mai ɗauke da tunjere. Su a zatonsu wata ƙaramar halitta ce mai rai, irin wadda ke kawo zazzaɓin cizon sauro, ta shiga jikin.

Ba abin a zarge su ba ne. A shekarar da Ribbert ya yi ganinsa, ko ƙwayar tarin fuka ba a gano ba, sai a shekara mai bi Robert Koch ya bayyana ta. Tunanin cewa akwai wasu ƙwayoyin cuta da suka fi bakteriya ƙanƙanta, waɗanda ke ratsa matata mafi ƙanƙancin ƙofa kuma ba sa hayayyafa sai a cikin ƙwayar halitta mai rai, bai samu ba sai tsakanin 1892 da 1898, daga binciken wata cuta ta ganyen taba. Su ne muke kira bairas a yau. Mutum ba ya fassara abin da ya gani sai da ilmin da zamaninsa ya ba shi.

A 1921 Ernest Goodpasture da abokin aikinsa Talbot a Amurka suka kawo gyara. Suka ce waɗannan manyan ƙwayoyi na jikin jaririn ne, wani abu ne ya shige su ya kumbura su, kuma sun yi kama da abin da ake gani a ƙurajen ƙarambau, saboda haka mai yiwuwa bairas ne. A 1926 Cole da Kuttner suka ƙarfafa wannan zato, da suka nuna cewa irin wannan cuta da ke cikin kaluluwar miyau ta ɓeran Masar tana wucewa daga dabba zuwa dabba ko da an tace ruwan. Sa'an nan a 1932 Farber da Wolbach a Boston suka bincika gawawwakin yara da suka mutu da cututtuka dabam-dabam, suka tarar da idon mujiya a kaluluwar miyau ta fiye da kashi 10 cikin ɗari. Daga nan aka fara fahimtar cewa abin ya yawaita fiye da yadda ake tsammani.

Amma fa har zuwa wannan lokaci a jikin matattu kaɗai ake gano cutar. Sai a 1950 Wyatt da abokan aikinsa suka ba da shawarar cewa tun da ƙwayoyin suna taruwa a ƙoda, to a neme su a fitsari. A 1952 wani likita mai suna Fetterman ya yi haka, ya kuwa same su a fitsarin jariri mai rai. Shekara 71 ke nan tsakanin ganin farko da ranar da aka iya gaya wa iyaye abin da ke damun ɗansu tun yana numfashi.

Kama Ƙwayar da Raɗa Mata Suna

Abin da ya jinkirta kama wannan bairas shi ne tsananin zaɓenta. Saitomegalo ta mutum ba ta tsira a jikin ɓera ko zomo ko ƙwan kaza, waɗanda su ne kayan aikin masu bincike na wancan zamani. Sai a ƙwayoyin halittar ɗan Adam. Ƙofa ta buɗe a 1949, sa'ad da John Enders da Thomas Weller da Frederick Robbins suka nuna a Boston cewa ana iya renon bairas ɗin shan inna a cikin kwalba mai ɗauke da tsokar mutum, aikin da ya sa aka ba su lambar Nobel a 1954.

Da wannan dabara mutum uku suka kama ƙwayar, kowa a ɗakin bincikensa, cikin ɗan lokaci kaɗan. Ta farko mace ce, Margaret Smith ta Jami'ar Washington da ke Sen Luwis. Ta riga ta kama saitomegalo ta ɓera a 1954, sa'an nan a 1955 ta kama ta mutum daga kaluluwar miyau ta wani jariri. Da ta aika da rahotonta don bugawa sai aka ƙi karɓa, bisa zargin cewa ta ɓeran ce ta gurɓata mata kwalabe. Sai da ta sake kama ta daga ƙodar wani jaririn kafin aka buga aikin a 1956. A wannan shekara Wallace Rowe na Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka, wanda ke binciken wata bairas dabam, ya ci karo da ita a cikin tsokar nan ta bayan hanci da ake cire wa yara. Irin da ya kama, wanda aka sa wa lamba AD169, har gobe ana aiki da shi a ɗakunan bincike. Na uku shi ne Weller, wanda ya same ta a ɗan yankin hantar wani jariri da ake zaton wata cuta ce dabam ke damunsa, ya buga rahotonsa a 1957. Da suka yi musayar abin da suka kama, sai ta bayyana cewa dukansu abu guda suka riƙe. Weller ne ya raɗa mata sunan saitomegalobairas a 1960.

Kama ƙwayar ya haifar da awon jini mai nuna ko mutum ya taɓa kamuwa, kuma sakamakon wannan awo shi ya ba masana mamaki. Abin da aka ɗauka cutar jarirai ce mai wuyar samu, ashe yana jikin yawancin manya, musamman inda ake zama a cunkushe kuma ake shayar da yara nono na dogon lokaci.

Bango Ya Tsage

Daga 1960 zuwa 1990, ci gaban aikin likita da kansa ne ya yi ta tono wannan cuta. A 1965 Klemola da Kääriäinen a ƙasar Finlan suka nuna cewa tana sa wa manya masu lafiya zazzaɓi mai tsawo da kasala. A shekara mai bi aka danganta ta da zazzaɓin da ke kama waɗanda aka yi wa tiyatar zuciya aka ƙara musu jini mai yawa, watau ke nan tana ɓoye a cikin fararen ƙwayoyin jinin da aka ba su.

Dashen sassan jiki ya fi kowane abu fallasa ta. Joseph Murray ya yi dashen ƙoda na farko da ya yi nasara a Boston a 1954, tsakanin tagwaye masu kama ɗaya. Domin a yi wa waɗanda ba tagwaye ba, dole a ba majinyaci magani mai danne garkuwar jikinsa don kada ta ƙi baƙuwar ƙodar. To, da garkuwa ta kwanta sai saitomegalo ta farka. Likitocin dashe sun lura da wani zazzaɓi da ke zuwa wajen mako shida bayan tiyata, har suka yi masa laƙabi da zazzaɓin kwana arba'in. A 1975 Monto Ho da abokan aikinsa a Pitsbag suka tabbatar da cewa ƙodar da aka dasa ita kanta takan zo da ƙwayar. Daga nan aka san cewa wanda ya fi shiga haɗari shi ne majinyacin da bai taɓa kamuwa ba, aka kuma ba shi ƙodar wanda ke ɗauke da ita. A dashen ɓargo abin ya fi muni, domin kafin a sami magani, in ta kama huhu, fiye da kashi 80 cikin ɗari ba sa tashi.

Sa'an nan ƙanjamau ta zo. Rahoton farko da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta buga ran 5 ga Yuni 1981 ya yi bayanin samari biyar a Los Anjeles, kuma dukansu biyar an sami shaidar saitomegalo a jikinsu. Wannan ya sa wasu suka fara zargin ita ce mai laifin, har zuwa 1983 da aka gano ainihin bairas ɗin ƙanjamau a Cibiyar Pasteur ta birnin Faris. Ko da yake ba ita ta rushe bangon ba, ta shiga ta tsagar. In fararen ƙwayoyin jini da ake kira CD4 suka yi ƙasa da 50 a ma'aunin likita, sai ta afka wa tantanin da ke bayan ido, wanda da shi ake gani, ta yi ta cinsa har mutum ya makance. A Amurka da Turai kusan ɗaya cikin uku na waɗanda ƙanjamau ta ci ƙarfinsu sun gamu da wannan. Samari ne masu baki da ƙungiyoyi, suna makancewa a gaban idon jama'a, kuma kukansu ya taimaka ƙwarai wajen gaggauta samar da magani.

Magani

Maganin farko shi ne gansiklobir, wanda aka harhaɗa a farkon shekarun 1980, aka fara ba masu ƙanjamau shi tun kafin a gama gwaji saboda babu wani zaɓi, hukumar magunguna ta Amurka kuma ta amince da shi a 1989. Yadda yake aiki abin sha'awa ne. Ya yi kama da ɗaya daga cikin tubalan da bairas ke gina kundin gadonta da su, amma ba ya fara aiki sai wani sinadari na ita bairas ɗin ya taɓa shi. Da zarar ta ɗauke shi ta sa a gininta, sai ginin ya cije. Aibinsa shi ne yana danne ɓargo, fararen ƙwayoyin jini su ragu, kuma ta jijiya ake ba da shi. A 1991 aka amince da foskarnet, a 1996 kuma sidofobir, waɗanda ke aiki inda na farko ya gaza, sai dai dukansu biyu suna wahalar da ƙoda. Sauƙi ya samu a 2001 da fitowar balgansiklobir, wanda ake haɗiya, jiki kuma ya mayar da shi gansiklobir. Daga baya an sami letamobir a 2017, wanda ake ba masu dashen ɓargo don kariya kuma ba ya danne ɓargon, da maribabir a 2021 domin cutar da ta gagari tsofaffin magunguna bayan dashe.

Wajibi ne a lura da abu biyu. Na farko, babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke raba mutum da ƙwayar, iyakarsu su hana ta hayayyafa har garkuwar jiki ta farfaɗo. Shi ya sa abin da ya fi rage makantar masu ƙanjamau shi ne haɗakar magungunan ƙanjamau da aka fara a 1996, waɗanda suka gyara bangon da kansa, makantar ta ragu da kimanin kashi 80 cikin ɗari. Na biyu, dukan magungunan nan domin masu ƙanjamau da masu dashe aka fara yin su. Jariri daga baya aka waiwaye shi.

Hanyoyin Awo

Magani mai illa irin wannan ba a ba da shi da ka, sai an tabbatar, kuma a nan tsohuwar hanya ta gaza, domin renon ƙwayar a kwalba yakan ɗauki mako biyu zuwa shida, majinyaci kuwa ba shi da wannan lokaci. A 1984 masu bincike a asibitin Mayo na Amurka suka rage jiran zuwa kwana ɗaya ko biyu. A 1988 wasu a Jami'ar Groningen ta ƙasar Holan suka fito da hanyar ƙirga fararen ƙwayoyin jinin da ke ɗauke da wani sinadarin bairas ɗin, a sami amsa a yini guda. Daga bisani awon PCR, wanda ke riɓanya kundin gadon ƙwaya har a iya auna yawanta, ya maye gurbinsu, kuma a 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'auni guda domin sakamakon asibitoci ya daidaita.

Da wannan likitocin dashe suka sami dabara biyu. Ko dai a ba majinyaci magani tun daga farko na wata uku zuwa shida, ko kuma a riƙa auna jininsa mako-mako, da an ga ƙwayar ta fara yawa a tare ta kafin ciwo ya bayyana. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin an fara dashen ƙoda a Legas a 2000, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano kuma a 2002, kuma duk inda ake dashe ana bukatar wannan awo da wannan magani.

Jariri da Kunnensa

Yanzu bari mu koma inda labarin ya faro. A Amurka, kimanin jariri ɗaya cikin 200 ake haifa da wannan ƙwaya, kuma ɗaya cikin biyar daga cikinsu yakan sami nakasa mai ɗorewa. Kusan kashi 10 cikin ɗari ne kawai ke nuna alama ranar haihuwa, kamar shawara da kumburin hanta da saifa da ɗigon jini a ƙarƙashin fata da ƙanƙancin kai. Sauran suna fitowa lafiya lau a ido, amma daga cikinsu kashi 10 zuwa 15 za su rasa ji, wasu tun daga haihuwa, wasu kuma a hankali bayan watanni ko shekaru. In aka cire kurumtar gado, babu abin da ya fi saitomegalo kurmantar da jarirai, kuma an ƙiyasta cewa a Amurka ita ce sanadin kusan rubu'in kurumtar yara 'yan shekara huɗu.

An daɗe ana ɗauka cewa wannan matsalar ƙasashe masu arziki ce. Hujjar ita ce, macen da ta kamu karo na farko tana da ciki, wajen ɗaya cikin uku ƙwayar takan kai ga ɗan tayi, wadda kuwa ta kamu tun tana yarinya jikinta ya riga ya san abokiyar gaba. Tun da kusan dukan matan Afirka sun kamu tun suna goye, sai aka ce 'ya'yansu sun tsira. Bincike ya rushe wannan zato. A 1977 Sergio Stagno da abokan aikinsa a Alabama suka nuna cewa matan da suka daɗe da ƙwayar su ma suna haifar jarirai masu ɗauke da ita, ko dai don ta cikinsu ta farka, ko don sun sake kamuwa da wani irinta. A 1978 wani bincike a Kwaddebuwa ya sami kashi 1.4 cikin ɗari na jarirai da ita, a cikin jama'ar da kusan kowa ya riga ya kamu. A Gambiya rahoton 2007 ya sami kashi 5.4, a Barazil na 2009 ya sami kusan kashi 1, sa'an nan a 2015 Dokta Bolajoko Olusanya da abokan aikinta suka auna jarirai 263 a Legas suka sami 10, watau kashi 3.8. Haɗarin kowace mace ɗaya ƙarami ne, amma da yake matan suna da yawa kuma ƙwayar tana ko'ina, jimillar jariran ta fi ta ƙasashen da aka ce matsalar tasu ce.

Ba ina cewa duk kurman da muke gani wannan ce ta kurmantar da shi ba. Sanƙarau da ƙyanda da hangum da shawara mai tsanani da gado duk suna da nasu kaso. Abin da ya bambanta saitomegalo shi ne gajeren wa'adinta. Ba a iya tabbatar da cewa jariri da ita aka haife shi sai an auna miyau ko fitsarinsa cikin kwana 21 na farko, domin bayan haka ba a iya rarrabe wadda ya zo da ita daga ciki da wadda ya samu a nono, ita kuwa ta nono ba ta cutar da jaririn da ya cika wata tara, saboda haka ba dalili ba ce na hana shayarwa. Magani ma wa'adinsa ke nan. Binciken David Kimberlin da abokan aikinsa na 2003 ya nuna cewa gansiklobir na mako shida yana tsare jin jariran da cutar ta taɓa ƙwaƙwalwarsu, na 2015 kuma ya nuna cewa balgansiklobir na wata shida ya fi na mako shida amfani ga ji da bunƙasar yaro, in an fara cikin watan farko, ana kuma duba jininsa a kai a kai.

To, ku dubi wannan wa'adi ku gwada shi da rayuwarmu. Yawancin matan Arewa a gida suke haihuwa. Mai jego tana ɗaki tana wanka har kwana arba'in, allurar rigakafi ta zagaye na biyu kuma sai mako shida. Kafin uwa da ɗa su ga ma'aikacin lafiya, ƙofa ta rufe. Sai yaro ya kai shekara biyu ko uku bai fara magana ba a ce nauyin baki ne, daga nan a fara neman taimako nan da can, har a ƙare a makarantar kurame irin ta Tudun Maliki in an yi sa'ar samun gurbi, ba tare da kowa ya san mafarin abin ba.

Rigakafi

Allurar rigakafi ita ce burin da aka fi daɗewa ana nema. Ƙyandar Jamus, wadda ita ma ke kurmantar da 'yan tayi, an kama ƙwayarta a 1962 aka sami allurarta a 1969. Saitomegalo ta ƙi ba da kai haka. Elek da Stern sun gwada allura ta farko a Landan a 1974, Stanley Plotkin ya biyo da tasa a Filadelfiya a 1975, wadda ta rage tsananin ciwo ga masu dashen ƙoda amma ba ta hana kamuwa ba. A 2000 Cibiyar Nazarin Likitanci ta Amurka ta sa wannan allura a sahun farko na waɗanda ake bukata. A 2009 Robert Pass ya ba da rahoton wata da ta kare rabin matan da aka yi wa, abin da bai isa ba. A Oktoba 2025 kamfanin Moderna ya sanar da cewa tasa allurar ta kasa a babban gwajin ƙarshe. Dalilin wahalar a bayyane yake: kundin gadon wannan bairas ya fi na duk danginta da ke kama mutum girma, kuma kaso mai yawa na cikinsa dabarun ɓuya ne daga garkuwar jiki. In kamuwa da ita kanta ba ta hana sake kamuwa, to aikin allura shi ne ta fi abin da jiki ke yi da kansa.

Inda aka ci nasara shi ne a wasu hanyoyi. Tun daga shekarun 1980 aka koyi ba bakwaini da masu dashe jinin da ba shi da ƙwayar, ko wanda aka tace fararen ƙwayoyinsa. A 2020 wani gwaji a Isra'ila ya nuna cewa balasiklobir, in an ba macen da ta kamu karo na farko a farkon ciki, yana rage kaiwa ga ɗan tayi daga kashi 30 zuwa 11. Sai kuma hanya mafi arha. Binciken Pass da na Stuart Adler a gidajen renon yara na Amurka ya nuna cewa ƙananan yara su ne babbar mashigar cutar ga iyaye mata, domin sukan yi watanni ko shekaru suna fitar da ƙwayar a miyau da fitsari. A Italiya, rahoton 2015 ya nuna cewa cikin masu cikin da aka koya wa tsafta kashi 1.2 ne suka kamu, waɗanda ba a koya wa ba kuwa kashi 7.6. Darasin bai wuce wannan ba: mai ciki ta wanke hannu da sabulu bayan ta yi wa yaro tsarki ko ta share masa majina, kada ta sumbace shi a baki, kada ta ci ragowar abincinsa ko ta sha a kofinsa ko ta lashi cokalinsa. An yi waɗannan gwaje-gwaje ne a kan matan da ba su taɓa kamuwa ba, amma tun da sake kamuwa ma yana cutar da ɗan tayi, kuma sabulu ba ya cutar da kowa, shawarar ta dace da gidajenmu inda mai ciki kan kasance da goyo ko yayayye a hannu.

Kammalawa

Jama'a, mun ga an yi shekara 71 kafin a gano cutar a jikin mai rai, 75 kafin a kama ƙwayar, 108 kafin a sami magani. Wasu hukumomi sun fara mayar da wannan ilmi doka. Jihar Yuta ta Amurka ta wajabta a 2013 cewa duk jaririn da ya faɗi awon ji a auna shi, lardin Ontariyo na Kanada ya fara auna dukan jarirai a 2019, jihar Minesota ta bi sahu a 2023.

Mu ba sai mun fara daga can sama ba. Aikin Dokta Olusanya a Legas ya nuna cewa ana iya auna jin jarirai a wurin allurar BCG ta tarin fuka, wadda ake yi a kwanakin farko, kuma ma'aikatan da ba likitoci ba suna iya yin awon da ƙaramar na'ura. Injinan PCR kuwa sun ƙaru a jihohinmu tun annobar korona ta 2020. Abin da ya rage ga ma'aikatun lafiya shi ne su haɗa waɗannan biyu, jaririn da ya faɗi awon ji ko ya zo da alamun da muka ambata a ɗauki miyansa kafin kwana 21, a tabbatar da fitsari. A sa darasin tsafta cikin jawabin da ake yi wa mata ranar awon ciki, a koya wa unguwarzoma, a kuma shaida wa iyaye cewa ranar suna tana cikin wa'adi, ranar fita arba'in kuwa ta wuce shi. Ko inda magani bai samu ba, sanin cewa yaro yana cikin haɗari yana sa a riƙa duba kunnensa, a ba shi na'urar ji ko a fara koya masa maganar hannu tun harshe bai wuce shi ba, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ga ɗalibai kuma akwai aiki. Masu karatun likita, ana bukatar ƙidaya daga asibitocin Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Damagaram, domin hukuma ba ta ware kuɗi ga abin da ba a ƙirga ba. Masu nazarin harshe kuwa, cutar tana jiran suna na Hausa wanda mai jego za ta ji ta riƙe, tun da abin da ba shi da suna da wuya a yi gargaɗi a kansa.